Kwaɗon da Kaka Ya Karya

Daga Allah muka zo, ga shi Kaka ya riga mu komawa. Da hantsi ya cika, kafin azahar an kai shi makwancinsa a nan Wurno, tun daga ranar kuma ƙofar zaurenmu ba ta rabu da takalma ba. Kakan maigidana ne, uban ubansa. Ni matar jika ce, saboda haka babu kunya tsakanina da shi sai wasa. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan yake kirana amarya, har na yi furfura a gefen kunne bai sauya ba.

Mun zaci dangi da maƙwabta ne za su zo, sai ga mutanen da ba mu taɓa gani ba. Wata tsohuwa ta taso daga Goronyo, ta zauna cikin mata ta yi ta kuka har ta fi mu. Da ta lafa na kai mata ruwa, na tambaye ta ina muka haɗa dangi.

Ta ce, "Ba mu gama komi ba, ɗiyata. Mabuɗin akwatina yah hwaɗa rijiya ana gobe amren ɗiyata, kayan ɗaki duka suna ciki. Shi anka kiro mani. Yac ce, riƙa kwaɗon, uwar ɗiya, in hannunki ba shi bisa, nau ba shi taɓawa."

A zaure kuma, maigidana ya ba ni labari, wani mutumin Shinaka ya ce ɓarayin gabas sun yi asarar malamin da ya ƙi karantar da su buɗe kwaɗo. Mutane suka kwashe da dariya a wurin zaman makoki, har sai da liman ya yi gyaran murya. Baffa kaɗai ne bai yi dariya ba, wato ɗan Kaka da ya rage a raye, ƙanen mahaifin maigidana. Ya zauna yana kallon igiyar da ke rataye a bangon zaure, wadda Kaka ya jera kwaɗunansa a kai.

Ina tsoron yaran gidan nan su tashi ba su riƙe komai game da shi ba sai cewa wani tsoho ne mai wasa da ƙarafa. Shi ya sa zan faɗi abin da na gani.

Kaka ba maƙeri ba ne. Da ƙuruciya su yake yi a gulbin Rima, da ƙarfi ya fara ja baya ya koma garkar albasa. Ya ce lokacin da yake saurayi ba a san kwaɗo ba a ƙasar nan, sai asabari da sakata, Nasara ne suka zo da shi tare da kantunansu. Ranar da ya fara ganinsa a jikin akwatin wani falke a kasuwar Rabah, ya tsaya kallo har kifin da ya kai sayarwa ya fara wari. Daga nan ciwon ya kama shi. Duk inda ya ji an yar da kwaɗo don mabuɗinsa ya ɓata, sai ya bi ya roƙa, ko ya ba da busasshen kifi ya karɓo. Waɗannan yake kira marayu.

Kayan aikinsa ƙugiyar kamun kifi ce da ya miƙar ya lanƙwasa bakinta, da basilla, da gashin kaza. Da ya karya kumallo sai ya sauke igiyar, ya baje marayu a kan tabarma. Ya ɗauki ɗaya ya ɗiga masa mai, ya zura ƙugiya, ya kai shi kusa da kunne, ya lumshe ido. Can sai ka ji ƙas, ya buɗe. Ya yi murmushi shi kaɗai, ya sake danne shi, ya ɗauki na gaba. Babu abin da ke cikinsu, babu abin da suke tsarewa, amma haka zai wuni yana jin daɗinsa. Ni dai a lokacin ban ga abin sha'awa ba, kuma ban ɓoye masa ba. Abin da ya fi ba ni haushi man gyaɗata. Mutumin da ba ya taɓa kwaɗon kowa, kullum gashin kazarsa na cikin kwalbata.

In na kama shi sai ya ce, "Man amarya ai na ango na."

In ce, "Angon da ba shi da haƙori ko guda?"

Ya ce, "Tuwonki yac cinye su."

Amma in aka zo kan kwaɗon da ke bakin aiki, wanda ke rataye a ƙofar wani ko akwatin wani, wasa ya ƙare. Yana da dalili biyu, kuma na ji su har na haddace. Na farko, ya ce wanda ya kulle abu ya tafi, magana ya bari, cewa ya yi kada a taɓa, rashinsa a wurin kuma ba ya soke maganar. Na biyu, ya ce ƙugiya ba mabuɗi ba ce. Tana iya raunata harshen da ke ciki, kwaɗo ya buɗe ya ƙi komawa. In maraya ne ya lalace babu wanda ya cutu. In mai aiki ne, ka kori mai gadin mutum ka bar masa kaya a fili.

Akwai wani maƙwabcinmu da matarsa ta yi yaji. Ya ɗauko akwatinta a ka ya dire gaban Kaka, wai yana son ya ɗauki wata tasa da ya ce tasa ce.

Kaka ya ce, "Ina mai shi?"

"Matata ta, Baba. Tana gidansu."

"To, tahi ka zo da ita."

Mutumin ya yi ta magiya, Kaka ya koma kan marayunsa kamar ba da shi ake ba. Ƙarshenta dole ya tafi biko. Ya zo da ita, ga mabuɗinta ɗaure a bakin zanenta, ba a ma bukaci ƙugiya ba. Suna nan tare har yau, su biyun sun zo gaisuwa.

Duk wannan ina kallonsa ne a matsayin halin tsofaffi, har shekarar da abin ya zo kaina.

Shekarar ɗiban gwamna ce, lokacin da ake kwasar maza ana kai su haƙar kuza a duwatsun Jos, ko suna so ko ba sa so. Da farkon damina aka kira maigidana. Ya zuba 'yan kayansa cikin adakarsa ta katako, ya danna mata kwaɗo, ya rataya mabuɗin a wuya da tsirkiyar fata. Ya ce kafin a yanke gero ya dawo. Aka yanke gero, aka ɗaure, waɗanda suka tafi tare suka fara dawowa ɗaya ɗaya. Shi shiru.

Yana da garka a bakin gulbi, ita ke ciyar da ni da yarana duk rani. Dokar fadama kuwa kowa ya san ta: in ruwa ya janye ba ka shuka ba, mai unguwa zai ba wanda zai shuka, kuma in ta tafi ba ta cika dawowa ba. Mai unguwa ya aiko a hankali, ba da faɗa ba, cewa akwai masu tambaya. Baffa ya ce shi zai ja jigo ya yi ban ruwa, a ba shi iri kawai. Iri kuwa a shekarar ya yi wuya, don ƙwari sun ci furen albasa a ranin da ya wuce, wanda ke da ɗan kaɗan ko ɗan'uwansa ba ya ba. Namu yana nan, cike da ɗan gora. Da idona na ga maigidana ya sa shi cikin adaka. Ga shi kuma irin albasa ba ya jiran mutum, in ya shekara ya wuce, ya mutu.

Na sami Kaka a zaure, na durƙusa, abin da ban saba yi masa ba.

Ya ce, "Amarya, yau mi yas samu ƙahwahunki?"

Na ce, "Kaka, ba wasa yak kawo ni ba. Ka buɗe mani adakag ga in ɗauki iri."

Ya ajiye marayan da ke hannunsa. "Mai ita ya ce a buɗe?"

"Mai ita ba shi nan."

"Shi na nika hwaɗi."

"Ni matatai ta. Ɗiyanai na za su kwana da yunwa."

Ya ce, "Na sani. Amma da shina son ki buɗe, da ya bar maki mabuɗi."

Wannan magana ta soke ni. Na miƙe na ce masa shekara da shekaru yana shan man gyaɗata yana buɗe ƙarafan banza, rana ɗaya da iyawarsa za ta yi wa gidansa amfani ya zama waliyyi. Na ce in garka ta tafi, sai ya dafa wa jikokinsa marayun su ci. Ya sake ɗaukar marayan da ya ajiye. Ni kuma har yau ban janye maganar ba, don a ranar gaskiya na faɗa.

Baffa ya fi ni zafi. Da ya ji, gatari ya ɗauko ya nufi ɗakin da adakar take. Ban san tsohon nan yana da sauran gudu ba. Ya riga shi shiga, ya haye kan adakar ya zauna, ya tanƙwashe ƙafa.

Ya ce, "Sare ni, kana ka sari adaka."

Baffa ya ce, "Baba, yaron ga ƙila ma ba shi da rai!"

Kaka ya ce, "In ba shi da rai, gado ta, sai alƙali ya raba. In shina da rai, tashi ta. Wace kaka so cikin biyun?"

Baffa ya jefar da gatarin ya fita. Ya daina shiga zaure, ko gaisuwar safe daga nesa yake yi.

Washegari Kaka ya ɗaura wa jaki akumari. Ya ji labarin wani mutumin Tursa da suka yi aiki a ramin kuza ɗaya da maigidana ya dawo, ya ce zai je ya gan shi. Ga shi Kaka hawa jaki zuwa bakin gulbi ma sai an tallafe shi. Kafin ya fita ya sa liman ya yi wa Baffa magana, Baffa ya yi alkawarin ba zai taɓa adakar ba sai ya dawo. Kaka ya yi 'yan kwanaki, ya dawo da ƙafafu a kumbure, leɓe a bushe. Bai sauka daga kan jakin ba sai da ya ce mini, "Shina da rai." Na zauna a ƙasa inda nake tsaye.

Mutumin Tursa ya bar maigidana kwance da ciwon ƙirji a bukkar marasa lafiya. Maigidana kuwa ya ba shi saƙo, sai dai shi ma da ciwo ya iso gida, bai iya kawowa ba. Saƙon shi ne a gaya wa mutanen gida kada su bari garka ta kwana. Kaka ya ce ya juya mutumin ya sake juyawa, ko an ambaci adaka, ko an ambaci kwaɗo. Ba a ambata ba.

Ya kira Baffa da liman da ni, ya ce, "Bai ce a buɗe ba. Amma ya ce a shuka, kuma ya san inda iri shike. Rabin izini na wanga. Rabin da yar rage, ni ka ɗauka bisa wuyana, ba amarya ba."

Da rana tsaka ya sa aka fito da adakar tsakar gida, inda kowa ke gani. Ya ce in ɗora hannuna a kan kwaɗon, tunda shi ne hannu mafi kusa da na mai shi. Ya zura ƙugiya. Na sha ganinsa yana buɗe irin wannan kafin a ce kwabo, amma ranar gumi na bin gemunsa. Ya daɗe. Da ƙarar ta zo ba irin wadda na saba ji ba ce, ta fi kama da an taka busasshen kara. Kwaɗo ya buɗe.

Kaka ya juya fuskarsa ga bango, ya ce Baffa da liman su ma su juya. Na ɗaga murfin kaɗan, na zura hannu, na laluba na zaro goran, na rufe. Ya juyo ya danna kwaɗon. Bai kama ba. Ya sake dannawa, ya girgiza shi, ya ɗiga mai, ya sake. Bakin ƙarfen ya shiga ya fito, ya shiga ya fito. Harshen ciki ya karye. Tunda yake, bai taɓa lalata kwaɗon kowa ba sai na jikansa. Na kalli fuskarsa, duk haushin da nake ji ya tafi, tausayi ya kama ni.

Baffa ya sassauta murya ya ce, "Baba, ba komi. Sa mata guda cikin marayunka."

Kaka ya ce, "In yaro ya zo da mabuɗinai ya ishe kwaɗon da bai sani ba fa? Shi ishe nashi, shi ga abin da niy yi." Ya ƙara da cewa, "Na kori mai gadi. Sai in yi gadin."

Mun ɗauka maganar baki ce. Ya sa aka kai adakar zaure, ya shimfiɗa buzunsa a kai. A kanta yake wuni, a jikinta yake kwana. In zai kewaya sai ya ɗaure ta da ƙullin masunta, wanda babu mai iya maimaita shi a gidan, ya dawo ya duba. Ranar Juma'a ya ɗora ta a jaki har ƙofar masallaci, ya tsaya a sahun da zai riƙa ganinta. Mutanen gari suka samu abin dariya, har masu tallar fura suna tambayarsa lafiyar adaka, shi kuma ya amsa musu da cewa ta kwana lafiya. Kasuwar Goronyo da ba ta wuce shi, ya daina zuwa. Aka yi sunan jikar ƙanwarsa a Maikujera, ya aika da gaisuwa. Abin da ya fi damuna, bai ƙara sauke igiyar marayu ba. Safiya ta yi, ya sha kununsa, ya ɗora hannuwa a gwiwa ya zauna. Har kwalbar mai na kai masa da kaina na ajiye, bai taɓa ta ba.

Na ce, "Kaka, wa za shi saci tsummokaran jikanka cikin gidan ga?"

Ya ce, "Ba kowa, amarya. Da can ma ba kowa. Amma ya kulle."

A can bakin gulbi Baffa ya yayyafa iri a fangali. Ba duka ya fito ba, amma abin da ya fito ya ishi dashe. Ya ja jigo safe da yamma har kafaɗarsa ta saɓule. Mai unguwa ya biyo ta wurin wata rana, ya tsaya ya ga kore, ya yi masa sannu da aiki ya wuce. Ba a ƙara aiko mana da maganar masu tambaya ba. Da yamma Baffa kan shigo zaure da taɓo a ƙafa, ya zauna kusa da adakar, ya ba uban labarin yadda ganye ke tashi. Haka suka shirya ba tare da kowa ya ba kowa haƙuri ba.

Sai da zafi ya shigo, ana cirar albasa, maigidana ya dawo. Ta bakin gulbi ya biyo, ya ga garkarsa da tulin albasa, ya ga Baffa a duƙe. Baffa ya ce zama ya yi a kan kunyar fangali ya rufe fuska da hula. Tare suka iso gida. Wallahi ban gane shi ba sai da ya yi sallama. Ya rame, ya yi baƙi, yana tari. Na ruga na ɗebo ruwa, Kaka ya ɗaga mini hannu daga kan adakar.

Ya ce, "Dakata, amarya. Ina da magana da shi tukuna." Ya dubi jikansa. "Na buɗe maka adaka ba ka ce ba. Iri anka ɗauka, ba a taɓa komi ba bayan shi, ga liman ga baffanka ka tambaya. Kuma na karya maka kwaɗo. Ga shi nan."

Maigidana ya durƙusa. Ya zaro tsirkiyar daga wuyansa, mabuɗin ya yi tsatsa da gumi. Ya juya shi a tafin hannu, ya kalli kwaɗon da ke lilo, ya kalli buzun da ya lotse a kan murfin.

Ya ce, "Kaka, tun yaushe kaka zamne nan?"

Baffa ya ce, "Tun shuka."

Maigidana ya sake duban buzun. Sannan ya ce, "Sai da munka yi nisa nit tuna iri na ciki, mabuɗi na wuyana. Na so in yi hauka. Sai nit tuna kana gida. Nic ce, in ta zama dole Kaka na buɗewa, in ba ta zama dole ba, ba mai taɓa ta. Da wanga nika samun barci can."

Kaka ya ce, "Ban tambaye ka wanga ba. Ka yahe?"

"Kaka, mi za ni yahewa?"

"Ka yahe ko ba ka yahe ba?"

Ya ce, "Na yahe."

Sai tsohon ya dafa kafaɗar jikansa ya sauko, gwiwoyinsa na ƙara. Ya ce, "Amarya, ba shi ruwa." Ya ja buzunsa ya fita gindin tsamiyar ƙofar gida, ya kwanta, ya yi barci har la'asar ta kusa wucewa. Daga tsakar gida muna jin minsharinsa.

Maigidana bai ƙara samun ƙarfin jan jigo ba sai da ya shekara yana jinya. Albasar nan ce ta riƙe mu, ita ta sayi maganinsa, daga cikinta kuma aka ware ta iri. Garkar tana hannunmu har yau. Miyar da na yi wa masu gaisuwa ranar sadakar uku, albasar da na yanka a ciki daga can aka ciro ta, jikar abin da ke cikin goran nan ce. Ina yanka ina hawaye, mata suka ce yaji ne. Na ce musu a'a, Kaka ne.

Allah ya yalwata masa makwanci, ya sa ya huta hutun da ya fi na gindin tsamiya. Yadda ya tsare wa mutane abinsu ba su nan, Allah ya tsare shi inda ba mu nan. Amin.